Mai Rawa Ta Tafi Salla

Bayan na gama bautar ƙasa na tare a gidan Yayana a Utako, da niyyar ɗan zama kafin aiki ya fito. Ban san Abuja ba a lokacin. Gari ne da za a yi ta ce maka ka dawo mako mai zuwa har furfura ta fito maka. Na yi ta yawo da takarduna daga wannan ma'aikata zuwa waccan, har masu gadi suka haddace fuskata. Tun kafin in buɗe baki za su ce, "Hajiya, oga bai shigo ba."

Yaya yana fita ofis da sassafe, matarsa, wadda nake kira Anti, ita ma haka. Gidan a saman bene yake. Tagar ɗakina tana kallon ƙaramin masallacin layinmu, can bayansa kuma tasha ce, inda 'yan kamasho ke yini suna kiran Jos da Kaduna da Lakwaja. Kafin hantsi na gama shara da wanke-wanke, na ɗora abin da za a ci. Daga nan sai ni da bango. Wanda bai taɓa zaman jiran aiki ba bai san tsawon yini ba.

A wata tsohuwar kwamfutar Yaya na samu wasan. Irin wasan intanet ɗin nan ne da mutane daga ko'ina a duniya ke shiga, kowa ya ƙera wa kansa jiki, ya zaɓi sana'a. Akwai mayaƙa, akwai maƙera, akwai fatake. Da farko yaƙi na zaɓa, don ina da zuciya kuma ina neman inda zan sauke ta. Amma da netwok irin namu, kafin takobina ya sauka dodo ya cinye ni ya sha ruwa. Da na gaji da mutuwa sai na nemi sana'ar da ba ta buƙatar sauri, na faɗa rawa.

Yadda abin yake, a tsakiyar birnin wasan akwai wani babban zaure da mayaƙa ke dawowa bayan sun sha kashi a daji. Dokar wasan ce duk wanda ya zauna ya kalli mai rawa, gajiyarsa za ta sauka, ƙarfinsa ya dawo. In ya ji daɗi sai ya watsa mata sulalla. Liƙi ne kawai, irin na gidan biki. Da sulallan nan nake saya wa mai rawata kaya da sababbin taku, abin da ya yi saura in sayar wa 'yan wasan da ke ƙyuyar nema, su turo mini data. Da datar nake cike guraben neman aiki. Wato rawa ce ke ɗaukar nauyin neman aikin gwamnati, kuma ba wanda ya sani sai ni.

Abin dariyar shi ne ni ban iya rawa ba. A biki in ƙawaye suka jawo ni fili, tsayawa nake kamar taɓarya har su haƙura. Amma mai rawata doguwa ce, da koriyar riga da awarwaro a ƙafa, in na danna mata ta juya sai zauren ya yi tsit. Ina son ta ƙwarai. A garin da ba wanda ke buƙatata, ita ana jiran fitowarta.

Mu da yawa ne masu rawa a zauren, amma yawancinsu sukan saita tasu ta yi ta maimaita taku ɗaya, su tashi su yi tafiyarsu. Ka yi musu magana shiru, ka yi musu liƙi ko na gode babu. Ni na kasa. Hajiyarmu ta yi mana tarbiyyar gaisuwa da bulala a hannu. Don haka duk wanda ya shigo sai na yi masa sannu da zuwa da Turanci, in tambaye shi hanya, in tambaye shi gajiya. Wanda ya ce jiya 'yarsa ba lafiya, yau sai na tambayi mai jiki. Turawan nan kamar ba a taɓa gaishe su ba. Suka riƙa tsallake sauran suna taruwa a gabana.

Akwai kuma abu na biyu da Hajiya ta dasa mana. Ba a tashi daga gaban baƙo sai an nemi uzuri. Takan ce wanda ya miƙe daga cikin mutane bai ce komai ba, akuya ce ta tsinke igiya. Saboda haka da zarar ladanin layinmu ya ɗaga murya, sai in tsayar da mai rawata, in sa ta rusuna, in rubuta wa jama'a cewa zan je salla, yanzu zan dawo. Azahar haka, la'asar haka, magariba haka. Ban taɓa ganin komai a ciki ba sai ladabi. Har wasu suka saba, in wani baƙo ya tambayi inda na shiga, su ce masa mai rawa ta tafi salla, ya jira.

Ban san ranar da mai baƙin sulke ya fara zuwa ba. Na dai farga akwai wani da kullum yake zaune a lungu ɗaya kusa da ƙofa. Sauran mayaƙa suna shigowa da sulkensu a lotse, ƙarfinsu ya kusa ƙarewa. Nasa kullum fes yake, ko ƙwarzane babu. Ba gajiya ce ke kawo shi ba. Ina gaishe shi ba ya amsawa, sai dai in zai tashi ya watsa liƙin da ya fi na kowa. Na ce a raina kowa da halinsa, Allah ya ƙaro irinsa.

Wata la'asar na nemi uzuri kamar yadda na saba, sai ga saƙo ya shigo ta gefen da ake magana mutum biyu, ba a fili ba. Da Hausa.

"A yi mana addu'a."

Wallahi murna na yi. Na daɗe ina gaisuwa da Turanci, wadda ba ta ƙosar da mutum. Na rubuta masa, "Ikon Allah, ashe ɗan gida ne! Daga ina?" Bai amsa ba. Na dawo daga salla na tarar ya tafi, ya bar sulalla a gaban mai rawata.

Daga ranar kullum sai ya faɗa. Ina cewa zan je salla, saƙon zai shigo, a yi mana addu'a. Ba gaisuwa, ba ƙari. Na riƙa amsawa da to, Allah ya biya buƙata, don mutum bai roƙi addu'a ka hana shi ba.

Ran nan da magariba ya ƙara wani abu. Ya ce, "Magaribarku tana riga ta Legas. Amma Maiduguri sun daɗe da idarwa kafin ki tashi."

Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Na ce masa malam ya iya lissafi. Sai da na kabbarta salla maganar ta dawo mini. Ni ban taɓa faɗa wa kowa a wasan ko ƙasar da nake ba. Wannan mutum zaune yake da agogo yana auna ni.

Damina ta shigo. Wata rana da rana tsaka hadari ya haɗo daga wajen duwatsu, iska ta taso, aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba da an ga gajimare. Batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, wuta na tafiya take mutuwa. Mai rawata ta ɓace daga zauren tana tsakiyar juyi. Washegari da na shiga, saƙonsa na jirana.

"Da ina shakka tsakanin Kaduna da Abuja. Jiya ba a yi ruwa a Kaduna ba."

Nan raina ya ɓaci. Na rubuta masa cewa in aikin yi ne ba shi da shi ya zo mu nema tare, ni ma nema nake. Na ce masa liƙinsa bai sayi sanin gidanmu ba. Na faɗa masa maganganu da dama, wasu ma ba zan maimaita su ba. Ya bar ni na gama, ya watsa sulalla, ya tashi. Da la'asar ta yi na nemi uzurin jama'a, saƙon ya shigo yadda ya saba.

Na toshe shi. Washegari ba mai baƙin sulke, na ji daɗi, na yi rawa har da ƙarin taku. Kafin mako ya zagayo sai ga wani tsoho mai sanda ya shigo zauren, ya wuce kowa, ya zauna a lungun nan na kusa da ƙofa. Tun kafin ya rubuta komai jikina ya gaya mini. A wasan nan ƙera sabon jiki bai fi canja riga wuya ba.

Abin da ya rubuta a ranar shi ne, "Shekaranjiya tun safe ba wuta a Utako da Jabi. Ke ma ba ki fito ba."

Na tashi na saki labule. Na san shirme ne, amma na saki. Mutumin da ya faro daga faɗin Nijeriya ya zo har unguwa, kuma ni ce nake ba shi hanya da bakina, sau uku a yini, da ladabi da rusunawa. Abin da ya rage masa layi ne da ƙofa.

Za a ce me ya hana ni daina wasan tun a nan. Ni ma na tambayi kaina. Akwai taurin kai, don ban ga dalilin da wani ƙato zai kore ni daga sana'ata ba. Akwai data, wadda in babu ita sai na miƙa hannu ga Yaya. Akwai kuma mutanen nan da ke shigowa su ce sun yi kewata. Ba wanda ya taɓa ce mini haka a bakin wata ma'aikata.

Na yi niyyar gaya wa Yaya. Muna cin tuwo, yana duba wayarsa, na ce, "Yaya, akwai wani mutum."

Ya ɗago da sauri. "Maganar aiki ce? A wace ministry?"

Anti ta yi murmushi ta ce, "Ko dai maganar da ta fi aiki ce?"

Na duba yadda zan faro labarin, na ga duk ta inda na bi sai na fara da cewa ina rawa ana yi mini liƙi. Yaya ba mugu ba ne, amma ba zai tsaya jin cewa zane ne ke rawar ba. Kullum faɗarsa a Abuja sunan mutum ne jarinsa. Kafin gari ya waye Hajiya ta ji, kuma abin da zai isa kunnenta shi ne 'yarta tana rawa a gaban maza a intanet. Na ce ba komai, wani ne ya ce zai duba mini takarduna. Yaya ya ce Allah ya sa a dace, ya koma kan wayarsa.

A ƙasan benenmu akwai wata mata 'yar Filato mai shagon kayan masarufi. Ba abin da ke wucewa a layin ba ta gani ba. Na sauka sayen sabulu, ta ƙare mini kallo.

"Ƙanwan oga, fuskanka ya canja. Malaria ne?"

Na ce lafiya lau. Sai na tambaye ta ko wani ya zo yana tambayar gidanmu, ko yana tambayar wata yarinya.

Ta yi dariya. "A nan kowa yana tambayan kowa. Masu delivery, masu neman haya, agent. Wane irin mutum? Dogo ne? Yana da mota?"

In ce mata yana sa baƙin sulke? In ce wani lokaci tsoho ne mai sanda? Ban san tsawonsa ba, ban san muryarsa ba, ban san ko saurayi ne ko sa'an babana ba. Shi ya san lokacin da nake alwala. Na karɓi sabuluna na hau sama.

Dabarar farko da ta zo mini ita ce in rikita masa lissafi. Ladan ya kira la'asar, na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da danna rawa. Aka tayar da salla ina ji, aka idar ina ji. Tun ina ƙarama ban taɓa zama kiran salla ya wuce ni da gangan ba. Rana ta fara yin ja, sai ga saƙo daga lungun ƙofa.

"Yau an makara. Kada ki bari saboda ni."

Na yi sallar nan ina kuka, kukan haushi da tsoro a haɗe. Na yi alkawari ba zan ƙara jinkirta salla don wani ɗan Adam ba.

Sai na koma ga abin da na raina. Na saita mai rawata ta riƙa maimaita taku, kamar sauran. In ladan ya kira, sai in zame in bar ta tana juyi, ba rusunawa, ba neman uzuri. Wanda ke kallo ba zai san ko ina nan ko ba na nan ba. Ya daina turo saƙo. Yana dai zuwa ya zauna, ya yi liƙi, ya tafi. Na fara cewa na yi maganinsa.

Ranar wata Asabar ce, Yaya yana gida. Ladaninmu dattijo ne mai zaƙin murya, amma a ranar, da ya kira la'asar, muryar a shaƙe take, har ya tsaya ya yi tari a tsakiyar kira, lasifika ta watsa tarin ga duk layin. Na ji Yaya ya ja takalmansa ya sauka. Na bar mai rawata tana juyi, na yi alwala, na yi sallata a natse. Na naɗe darduma na dawo gaban kwamfuta.

"Allah ya karɓa. Mura ta kama ladanin nan, ya kamata na'ibi ya hutar da shi."

Na karanta, na sake karantawa. Wannan ba lissafin agogo ba ne, ba labarin ruwa ko wuta ba ne da za a samu a waya. Tarin nan sai wanda ke cikin layinmu ne zai ji shi.

Na matsa jikin taga na ɗaga gefen labule kaɗan. An idar da salla, maza suna fitowa suna laluben takalma. Direbobin tasha, 'yan kasuwa, ma'aikata cikin jallabiyar hutun Asabar, mai wankin hula, mai gyaran waya. Kusan kowa na fitowa yake zaro waya daga aljihu ya sunkuya a kanta. Yaya yana tsakiyarsu yana musabaha. Na tsaya ina jiran wani ya ɗago kai ya kalli tagata, don in san shi ne. Ba wanda ya ɗago. Suka watse kowa ya kama gabansa.

Na koma na zauna. Zauren a cike yake, har da wani Bature da matarsa ta haihu a makon, yana ta kirana zai ba ni labari. Mai rawata tana ta juyi da koriyar rigarta, ba ta san komai ba. Na shiga inda ake goge jikin da mutum ya ƙera gaba ɗaya. Wasan ya tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Ban yi wa kowa sallama ba. Akuyar Hajiya ta tsinke igiya, kuma har yau in na tuna mutanen nan ina jin nauyinsu.

Bayan nan shiru. Na mayar wa Yaya kwamfutarsa na ce ta cika ba ni wahala. Na daina buɗe taga. In zan fita sai na sa dogon hijabi, in bi ta bayan shago, duk namijin da ya ce mini sannu sai in ƙara sauri. Amma ba abin da ya faru. Ladan ya warke. Damina ta yi nisa. Wata hukuma ta kira ni jarrabawa, na fara karatu, na fara barci sosai. Na ce wataƙila da ma abin nasa wasa ne, ya ci, ya tafi neman wata.

Wata magariba ina kicin ina kwashe tuwo, Yaya ya dawo daga masallaci. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cire hula, fuskarsa a sake.

"Af, kafin in manta. Wani bawan Allah ya ce in gaishe ki."

Na riƙe mara a hannu. "Wane ne, Yaya?"

"Ai na ɗauka kin san shi. Sahu ɗaya muka yi, kafaɗa da kafaɗa. Mutum mai natsuwa. Ya ce ba ni ne yayan wance ba, na saman bene? Ina jin daga inda kika kai takardu ne, ki riƙe shi da kyau, irinsu ne ke taimako."

Anti ta ce daga falo, "Ya kamanninsa suke?"

"Mutum dai. Ban ƙare masa kallo ba." Ya juya zai wuce, sai ya tuna. "Ya ce kwana biyu ba a ganinki. Ya ce kuma a yi masa addu'a."

Yaya ya tsaya yana kallona, yana jiran abin da ake cewa in an isar da gaisuwa. Tuwon yana huci a fuskata. Na so in yi ihu, na so in faɗa masa komai tun daga farko, in ce ya sauka yanzu ya nemo mutumin kafin ya sha kwana. Amma bakin da Hajiya ta horar ya riga ni.

Na ce, "Ina amsawa."

Ya ce madalla, ya shiga falo ya kunna labarai. Na ci gaba da kwashe tuwon. Ba a jima ba ladan ya kira isha, na je na yi alwala.